Hular Motar Andrawus

Tun da Andrawus ya dawo daga yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, ba shi da zance sai na iska. A can ya ga jiragen sama, ya lura babu ɗaya mai faɗin goshi, shi ke nan abin ya zauna masa a ka. Da ya zama direban babbar mota a Bauchi, kullum cewa yake ba kaya kaɗai ke shan mai ba, har da iskar da ke dukan bodin katakon nan da ya ɗara kan motar tsawo.

Sai ya sa amininsa Hammajoda kafinta ya haɗa masa wani allo mai gangare a saman kan motar, don iska ta zame ta wuce. Hammajoda ya so a yi da katako marar nauyi, Andrawus ya ce sam, maɗaci yake so, abin da jikoki za su tarar. Kai, mutumin nan akwai taurin kai! 'Yan tasha kuwa suka samu abin yi, wai motar Andrawus ta sa hula, saura babbar riga. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi masa dariya ba, mahaifiyarsa Roda, wadda ya ɗauko daga ƙauyensu can bayan Dass ta zauna tare da shi. Ba ta san aikin hular ba, amma duk wanda ya zo gaishe ta sai ya ji cewa ɗanta ne ya ƙirƙiro ta.

Ko hular na rage shan mai, wallahi ba wanda ya sani. A hanyar Jos, inda mota ke samun gudu, ya ce yana ganin bambanci. Bai taɓa aunawa ba, yarda kawai ya yi.

Ana cikin shirin bikin 'yancin kai ciwon Roda ya tsananta. Ta kira shi ta ce, "Ɗana, kai ni gida. Ina so in ga dutsenmu da idona, a sa ni kusa da babanka."

Ga shi mai ya yi wuya a gari, kowace mota tana kan hanya saboda biki. Ya zaga har unguwar Turawa yana roƙon direbobin manya, abin da ya haɗa bai kai wanda ya saba zuwa gida da shi ba. Hammajoda ya ce a ɗan jira. Andrawus ya dubi tsohuwa yadda take numfashi, ya dubi motarsa, ya ce abin da ya rage hula za ta cike. Hammajoda ya shiga gaban motar ya tallafe Roda.

Abin tausayi, ƙarshen damina ne, hanyar ƙauye ta zama kunu. Motar na jan jiki kamar saniya mai tsohon ciki, injin na gurnani yana zuƙar mai. To, ina iskar da hula za ta tsaga? Ko gezar mayafin Roda ba ta motsi. Nauyin maɗacin nan sai ƙara danna ƙafafun gaba yake cikin laka. Andrawus ya gane haka tun kafin su yi rabin hanya, ya kasa faɗa, gumi na zubo masa.

Gab da kwanar ƙarshe injin ya yi tari, ya mutu. Wani tudu ya tare gabansu, dutsen ƙauyen yana bayansa.

Roda ta buɗe ido ta tambaya ko sun iso.

"Saura kaɗan, Mama."

"Kada ka damu," in ji ta. "Hularka za ta kai ni."

Andrawus ya ruga gonakin da ke kusa neman masu taimako. Kafin ya dawo da su ta cika a hannun Hammajoda.

Babu gado, babu makara a wannan daji. Andrawus ya daɗe tsaye, hawaye na bin gemunsa. Daga nan ya ɗauki sifana ya hau kan motar, ya kwance hular da hannunsa. Suka shimfiɗa mata zane a kai suka kwantar da ita. Sai da manoman suka kama kafin allon ya ɗagu, don nauyi.

Suna shan kwanar, sai ga dutsen a gabansu, kusa ƙwarai, har ana hango awaki a gindinsa. Andrawus ya roƙa a tsaya, a juya allon fuskarta ta kalli wajen. Ya sunkuya, ya yaye mayafin kaɗan.

"Mama, ga shi nan," ya ce.