Ƙiftawar da Bai Zana Ba

"A maido mana wurin nan baya," in ji darakta Tokunaga. "Ina so yaran nan su ga yadda ake aiki."

Aka maido. A allon ɗakin kallo na ɗan kamfaninsu na fim ɗin zane da ke unguwar Nerima, zanen wata tsohuwa mai sayar da kifi ya motsa. Ta ji an kira ta, ta ƙifta ido, sannan ta waiwayo a hankali. Daƙiƙa uku kacal.

"Shekara sittin da huɗu, amma hannun Malam Kuwabara ko gezau," in ji Tokunaga. "Ku 'yan kwamfuta, ku sha kallo."

Aka tafa. Kuwabara ya rusuna yadda ya kamata, amma idonsa bai bar allon ba. Zane tara ya yi wa waiwayen nan, ya san su kamar matakalar gidansa, kuma babu inda tsohuwar ta rufe ido. Layin irin nasa ne sak, mai kauri a haɓa, siriri a kunne. Amma ba hannunsa ba ne.

A sana'arsu, in mai duba zane ya ga kuskure, ba ya taɓa takardarka. Wata mai ruwan ɗorawa yake ɗorawa a kai, ya zana gyaran, a saka cikin ambulan ɗin da ake aiko maka da aiki, kowa ya gani. Shekara ashirin Kuwabara yana ɗora wa mutane ita ba sani ba sabo. Tun da ya sauka ya bar kujerar ga Shiraishi, wadda shi ya koya mata riƙon fensir, ko sau ɗaya takardar gyara ba ta shiga ambulan ɗinsa ba. Kuma bai bar abin a cikinsa ba, duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a shagon taliya sai ya sha labari.

Da aka watse cin abincin rana, ya same ta a teburinta, dunƙulen shinkafa a hagu, fensir a dama.

"Ke, Shiraishi. Ba ni nawa."

"Naka wanne, Malam?"

"Kada ki raina mini hankali. Na san abin da na zana."

Ta ajiye shinkafar, ta jawo aljihun teburin na ƙasa. Ba ambulan ɗaya ba ne, sun cika shi taf. Ta miƙa masa na saman, idonta a ƙasa.

Ya jera takardun tara a kan gilashi, ya kunna fitilar da ke ƙarƙashinsa. Kowacce ita kaɗai ba ta da laifi. Sai ya saƙala su tsakanin yatsunsa, ya kaɗa su da ƙyar, abin da ɗan koyo ke yi tun makon farko don ya ga motsi. Rabonsa da yin haka tun da sanyin ƙashi ya kama yatsun, ya riƙa gaya wa kansa gwani ba ya bukata. Fuskar tsohuwar ta kumbura, ta motse, ta sake kumbura kamar ƙullun fanke. Idon hagu kuwa yawonsa kawai yake.

"Tun yaushe?"

"Tun watan huɗu."

Wata bakwai ke nan. Ran Litinin ɗin nan ya tsaya a gaban kowa ya ce a zamaninsa mai duba zane ba ta jan ƙafa haka, in kujerar ta fi ƙarfinta ta faɗa. Ta miƙe ta rusuna ta ba da haƙuri. Ashe nasa aikin take sakewa daga tushe, da irin layinsa. Kunya ta rufe shi har ya ji ƙeyarsa ta ɗauki zafi.

"Me ya hana ki ɗora mini takarda kamar kowa?"

"Sau biyu na ɗauko, hannuna ya ƙi. Ina 'yar shekara tara babata ta kai ni kallon fim ɗin da ka zana doki a cikin ruwan sama. Ban kai gida ba sai da na sa ta saya mini fensir. Yanzu ni ce zan gyara maka?"

"To, ƙiftawar fa? Wa ya aike ki?"

"Kufce mini ta yi, Malam. Gani na yi kamar tana son ƙiftawa. Ka gafarce ni."

"Tsohuwarki ta fi tawa," ya ce.

Sai ga Tokunaga ya leƙo da gwangwanin kofi, baki har kunne.

"Yauwa, Malam, ai kai nake nema. Masu baje kolin fim ɗin sun bugo, suna son zanen asali su rataye. Na ce waiwayen tsohuwar nan za mu ba su, a rubuta sunanka manya-manya. Ina takardun?"

Shiraishi ta dubi Kuwabara, ta girgiza kai kaɗan, tana roƙonsa da ido. Tuni hannunta ya nufi wani ambulan da ke kan teburin, wanda nata zanen ke ciki. Ya san in ya yi shiru babu mai sani har abada, ita dai ba za ta taɓa buɗe baki ba. Ya kuma san wanda ya amsa gazawarsa a waɗannan shekarun ba a sake aiko masa da ambulan ɗin aiki.

Ya dafe nata da tafin hannu. Ya tattara nasa tara, ya daidaita gefensu, ya miƙa da hannu biyu.

"Wanda ka yaba ɗazu na Shiraishi ne. Ga nawa."

Tokunaga ya yi dariya. "Malam ke nan, ba ka rabo da zolaya."

"Ajiye kofin. Kaɗa su ka gani."

Kuwabara ya ja baya taku ɗaya, ya harɗe hannu a baya, ya tsaya yana sauraren ƙarar takardun.