Ful a Silin

Kamfanin haƙar mai ya dakatar da Munzir bayan gobarar da ta tashi a dandalinsu na cikin teku, a mashigin Suez. Ba a rasa rai ba. Masu bincike sun ce iskar gas ta taso daga rijiya, ƙararrawar gargaɗi kuma ba ta yi kuka ba, domin wani ya kashe ta. Munzir ne ke bakin aiki a lokacin.

Mutum ɗaya ne zai iya sa baki a mayar da shi: Kawu Hatim, ƙanen mahaifiyar matarsa Mahasin, tsohon direban manajan kamfanin. Don haka aka gayyato shi cin ful, wato dafaffen wake, a gidansu na unguwar Ainu Shams.

"Kawu, na'ura ce ta lalace," in ji Munzir. "Ni mai bin ƙa'ida ne. Tambayi Mahasin."

Mahasin kuwa ta sauka sayo burodi. Ta bar ful a tukunyar tururi, irin mai fito idan zafi ya yi mata yawa.

Munzir yana tsakiyar bayani tukunya ta soma fito. Ya ɗaga murya, ita ma ta ɗaga. Kawu ya kara tafi a kunne.

"Ma'alish, Kawu, yi haƙuri, ina zuwa."

Ya shiga kicin. Bai rage wuta ba. Turmin ƙarfe na dakan tafarnuwa ya ɗauko, ya kifa wa tukunyar a ka. Ta yi shiru. Ta ƙofar da ya bari a buɗe Kawu ya ga komai.

"Kullum haka take, hayaniyar banza," in ji Munzir, ya zauna. "Ina muka tsaya?"

"A kan ƙararrawa."

"Yawwa. Ita ma ai kullum..."

Sai tukunya ta fashe, ƙarar ta kai har bene na ƙasa. Da tururi ya lafa, sai ga ful manne a silin, yana ɗigowa a hankali. Turmi ya faɗa cikin kwandon albasa.

Mahasin ta shigo riƙe da burodi. Ta dubi sama, ta dubi mijinta.

"Wa ya toshe mata baki?"

"Tukunyar ce ta lalace," in ji Munzir.

Kawu ya miƙe, ya lalubo takalmansa.

"Kawu, maganar manaja fa?"

"Khalas, shi ke nan, ɗana, a bar manaja ya huta. Ina da aboki mai shagon katifa a Madinat Nasr, gobe zan kai ka. Katifa ba ta fito."