Fagen da Ba a Sallama Ba

A Tsaunin Makera, can tsakanin Roni da Gwiwa, ba a watsewa daga kokawar kaka sai an yi kiɗan sallama. Ranar ƙarshe makaɗi zai tsaya a tsakiyar fage ya kira sunan duk wanda ya yi wasa a shekarar, shi kuma ya amsa, ya kakkaɓe jiki, ya fice. Wanda ba a kira ba, in ji tsofaffi, yana nan ciki.

Shekarar da gwamnati ta tuna da garin, ɗan kwangila bai jira ranar ƙarshe ba. Ana tsakiyar wasa ya sauke bulo ya ce a ba shi wuri. Aka zagaye fagen da katanga, aka yi wuraren zama na siminti, aka shafa fenti, aka kafa ƙofar ƙarfe. Sannan aka danna kwaɗo, wai sai manya sun zo buɗewa. Manyan nan har yau suna hanya. Samari suka koma kokawa a bayan kasuwa, tsakuwa tana cin gwiwoyinsu.

Sama'ilu aka ba gadi da makulli. Wansa Madu yana cikin 'yan kokawar da aka kora ran nan ba sallama, kuma daminar da ta biyo baya zazzaɓi ya ɗauke shi.

Kullum da safe Sama'ilu yakan bi yashin fagen da manjagara ya daidaita shi. Kullum bayan la'asar sai ya tarar da shi a tattake. Ya so ya ɗora wa awaki, amma katangar ta fi ƙarfin akuya, kuma sawun na mutum ne. Mutum ɗaya, yana zagaye, yana ja da baya, yana turjewa. Ƙafar hagu ba babban yatsa. Garma ce ta cire wa Madu nasa tun suna yara.

Tsoro ya kama shi har ya daina shiga. Amma kewa ta fi tsoro naci. Ya dawo, ya zauna a bakin fagen. Ba ya ganin kowa, sai yashi yana lotsawa a hankali, da wani huci irin na wanda ya gaji. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya ce, "Yaya," sai sawun ya tsaya cik. Daga nan fa ya samu wurin hira. Ya ba shi labarin gero, da rijiyar da ta rufta, da haihuwar da ƙanwarsu Nafisat ta yi. Rabon da ya ji daɗi haka tun kafin rasuwar, kuma bai faɗa wa kowa ba.

Mahaifiyarsu Hajja Kaka ce ta tare shi wata safiya a zaure.

"Jiya na bi ta bayan katanga na ji kana magana. Ba a sallami ɗan'uwanka ba. Na je wurin Haladu makaɗi, ya ce in ka buɗe zai zo."

"Hajja, doka ce. In na buɗe korata za a yi."

"Waɗanda suka manta sun gina wurin ne za su tuna da kai? Ba su kake tsoro ba, Sama'ilu. Kai kana samun abokin hira, shi yana ta zagaye cikin rana ba hutu. Haka ake zumunci?"

Ya sunkuyar da kai, don ta faɗi gaskiya.

Bayan la'asar ya cire kwaɗon. Gari ya kwararo ciki, amma ba mai shewa, kowa ya zauna tsit a kan simintin da bai taɓa hawa ba. Haladu ya rataya ganga ya fara kiran sunayen 'yan kokawar da aka kora ran nan. Zaharadeen ya amsa ya fita. Kawu ya amsa ya fita. Wani da ke awon hatsi a Babura kuwa, ta waya ya amsa, aka fitar da wayar.

"Madu na Hajja Kaka!"

Ba amsa. Haladu ya sake kira. Sai yashi ya lotsa a tsakiyar fagen, ya sake lotsawa gaba kaɗan. Mata suka kama salati. Sawun ya miƙe sak zuwa ƙofa, ya zo ya tsaya.

Sama'ilu ne a bakin ƙofar, ya tokare ta da hannu biyu, shi kansa bai san sa'ad da ya je wurin ba. Yana jin hucin a fuskarsa. Sawun bai kewaye shi ba, bai ture shi ba, jira yake yi.

"Ba shi hanya," in ji Hajja Kaka.

"Hajja, in ya tafi, da wa zan..."

"Ba shi hanya, ɗana."

Hawaye na zuba, ya sauke hannu ɗaya, sannan ɗayan. Ya ce, "Allah Ya jiƙanka, Yaya," ya matsa gefe.