Dawar Malam Philemon

Tun da safe Malam Philemon ya goge takalmansa, don ranar ce za a zaɓi wakilin unguwar Rikoto a kwamitin duba kasafin kuɗin ƙaramar hukuma. Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi kafin ya yi ritaya, kuma a ganinsa ba wanda ya cancanci kujerar sai shi.

An taru a wani ajin firamare, dattawa sun matse gwiwoyi a bencin yara. Jami'in da aka turo ya faɗi abin da kowa ya sani: abin da za a kashe ya fi abin da ke shigowa. Ko a rufe ƙaramin asibitin unguwa, ko a ƙara haraji.

Philemon ya miƙe, ya gyara tabarau.

"Ba sai an rufe komai ba, ba sai an ƙara ko kwabo ba. Kowa ya biya abin da ke kansa. Giɓin nan ɓeraye suka haƙa shi, kuma ɓerayen ba sa fashin zuwa coci da masallaci."

Aka yi tafi. Sai Sylvester, Inyamuri mai shagon hatsi, ya ɗaga hannu.

"Tisha, magana naka ya yi kyau. Amma shekara shida ina sayen dawa naka, ban taɓa ganin shi cikin buhu ba."

Dariya ta faro daga bencin baya. A ƙofar kasuwa buhu ake yanka wa rasit na haraji. Abin da mace ta ɗauko a daro, wucewa yake a matsayin na cefane. Saboda haka duk kaka Philemon kan sauke buhunansa a bayan masu tukwane, ƙannen matarsa su yi ta jigila daro-daro har shagon Sylvester. Shi dabara yake kiran abin.

Jami'in ya dubi Magdalene, mai yankan rasit a ƙofar, tsohuwar ɗalibar Philemon.

"Haka ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba ne ya koya mini lissafi. Na san daro nawa ke cika buhu. Nauyinsa nake ji, shi ya sa nake kau da kai."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya koma ya zauna, yana kallon rubutun da wani yaro ya karce a jikin benci.

Solomon, tsohon soja, ya buga sandarsa a ƙasa.

"To, an gama. Shi za mu tura. Wanda ya san ramin ai shi ya fi iya toshe shi."

Hannaye suka tashi, Sylvester har biyu ya ɗaga. Philemon ya so ya ce ya janye. Sai aka miƙo masa biro, ya sa hannu, mutane na ta yi masa barka suna danne dariya.