Safar Hannun Shalele

Ina kan keke ina kashe bakin wani siket, surukata ta faɗo shagon ko sallama babu. Ta wuce ni, ta tsaya a kan Shalele. Yana kujerarsa a gefen taga, hannayensa biyu cikin safar soso da na ɗinka masa, ɗaure da hannun kujerar.

"Ashe gaskiya ne," in ji ta. "Jikana kike ɗaurewa kamar akuya. Jibi zan zo in tafi da shi."

Shalele ɗana ne, shekararsa biyar. Bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba, maganarsa sai wanda ya saba da shi, amma dariyarsa har bakin titi ake ji. Tun da haƙoransa suka fito yake cizon kansa, yatsu da leɓe, yana yi yana kuka. Mutanen unguwa kuwa, da ma abin faɗa suke nema. Wasu suka ce aljani ne, wasu suka ce ni ce mayya, da ɗana na fara. Matar da ta fi kowa yaɗa zancen, ni na ɗinka mata kayan auren 'yarta. Ubansa direba ne, ya fi zama a hanya, in ya dawo kuma shiru ne nasa.

Surukata ta juya ta fice. Na san in ta kwance shi, yatsunsa ba za su kai mako ba.

* * *

Washegari ce ranar karɓar sakamakon gwajin Shalele a asibitin yara. Wata uku kafin nan, wata likita ta tambaye ni ko ina ganin wani abu kamar yashi ruwan lemo a ƙunzugunsa. Na sunkuyar da kai. Shekaru na yi ina wanke yashin nan a ɓoye, don kada a gani a ƙara min wani sunan. Ashe shaidata nake zubarwa a kwata.

"Ke tela ce, ko?" likitar ta ce da muka shiga karɓar sakamakon, ta juyo da kujerarta. "To, a jikin kowa akwai wani ma'aikaci, enzayim muke ce masa. Aikinsa tsince ragowar wani sinadari, furin, ya mayar a sake amfani da shi, kamar yadda kike haɗa ƙyallaye. Shi ma'aikacin an jera shi ne da 'yan ƙwayoyi sama da ɗari biyu, amino asid, kamar carbi. A na ɗanki ƙwaya ɗaya ce ta sauya, aikin ya tsaya. Ragowar ta taru ta zama yashin nan, ƙwaƙwalwa ma ta taɓu. Cizon daga nan yake. Ba da sonsa yake yi ba."

"Daga ina ya samo shi, likita?"

"Galibi ta wajen uwa yake biyowa. Amma ba ke kika yanka ba, ba ke kika ɗinka ba."

Na yi kuka, kukan da na daɗe ina haɗiyewa. Ta bar ni na gama, sannan ta ba ni maganin da zai rage yashin ya kare masa ƙoda. Na cizon, ta ce, har yanzu ana nema. Ta kama hannun Shalele tana jujjuya safar.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Wahala."

Ta yi dariya. "Ɗinka min guda biyu. Akwai wata uwar da take fama da bandeji."

* * *

Surukata ta cika alkawari, har da jakar zuba kayansa. Na miƙa mata takardar asibiti, ta ture.

"Takarda ba ta raino," ta ce. Ta durƙusa ta warware igiyar hannunsa na dama, ta zare safar.

Dariyar Shalele ta ɗauke. Hannun ya soma tafiya bakinsa, shi kuwa yana kau da kai, idanunsa a kanta, hawaye na zuba.

"Kaka... ɗaure. Ɗaure ni."

Ta cafke wuyan hannun kafin ya kai. Ta daɗe tana kallon tabon yatsun nan, sannan ta mayar da safar da kanta, ta ƙulla. Shalele ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina kansa da kafaɗarta.

Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban sa rai ba. Ta shafa igiyar ta yamutsa fuska.

"Ke da sunan tela, wannan ai tana cin fatarsa."

Ta ɗauki almakashina, ta yanki gefen mayafinta mai laushi, ta ja kujera kusa da taga. Jakar da ta zo da ita tana bakin ƙofa, babu komai a ciki. Ta miƙo min allura.

"Zura min zaren, idona ba ya gani."