Ku Saurari Sanarwa

Noeline Farrugia ta baro gida da sassafe, domin yau za a yi wa mijinta Trevor tiyatar zuciya. Dukansu kurame ne tun haihuwa, shi kuma ga idanunsa sun dushe da tsufa. Sai ya ɗora tafinsa a kan hannayenta yake gane maganar hannun da take yi masa. Jiya ta yi masa alkawari ba za a tura gadonsa ɗakin tiyata ba sai tana riƙe da shi.

A tashar ƙarƙashin ƙasa ta tsakiyar Melbourne, inda take sauya jirgin ƙasa, ta tsaya gindin allon da ke nuna lokutan jirage. Can sai ta ga mutane sun ɗaga kai gaba ɗaya kamar kaji sun ga shaho, suka yamutsa fuska, suka nufi matakala. Lasifika ta yi magana ke nan. Ta dubi allo ta ga abin da aka ce, sai rubutun ya goge, wani ya fito da manyan baƙaƙe: KU SAURARI SANARWA.

Ta saurara da me? Wani mai albashi ne fa ya zauna a ofis ya tsara wannan, wani ya sa hannu, suka tashi suka tafi shan shayi.

Ta taɓa kafaɗar wata budurwa don ta tambaya, yadda kurame ke yi wa juna kullum. Budurwar ta zabura, ta rungume jakarta ta yi gaba. Noeline ta je ta danna maɓallin neman taimako da ke jikin bango. Ramuka ne kawai na magana, babu allo babu komai. Ta danna, ta sake dannawa, zuciyarta na tafasa.

Dandamalin ya watse, saura ita da wani mutum mai jan gemu a keken guragu. Ya yi mata alama ta matso, ya rubuta a wayarsa: "Sunana Warrick. An mayar da jirginmu dandamalin sama. Lif ɗin da ke hawa da mutane sama ya lalace. Ke ba ki ji ba, ni na ji amma ba ni da ƙafa." Da ta nuna masa sunan asibiti a tata wayar sai murmushinsa ya ɗauke. Ya nuna mata matakala, ta ruga. Ta isa sama tana haki, daidai lokacin da jirgin ya ja. Allon can ma saurare ya ce ta yi. Dole ta sauko, don Warrick kaɗai ne kunnenta a tashar.

Ta tarar da wani ma'aikaci mai riga ruwan lemo tsaye a kansa.

"Wa ke wasa da maɓallin nan? Muna ta magana ta cikinsa, ba a amsawa!"

"Ga mai laifin nan, ranka ya daɗe," in ji Warrick. "Kurma ce. A kama ta."

Ma'aikacin ya juyo, ya wage baki yana ɗaga murya. "MAMA, AI MUN YI SANARWA! HAR MUN MAIMAITA!"

"Ƙara ihu, aboki, saura kaɗan kunnen ya buɗe. In ka gama ka yi wa ƙafafuna tsawa su ma, ko sa tashi."

"Ni ba ni ke kula da allo ba, malam. Daga can sama ake sarrafa shi."

"Lif ɗin fa?"

"An kai rahoto."

"Madalla. Sai in hau rahoton in fita."

Noeline ta tsinci rabin maganar a leɓunansu, rabin ma ya ishe ta. Ta fizge biron da ke aljihun ma'aikacin, ta rubuta a tafin hannunta, ta kai masa har hanci: WANE JIRGI? INA? Sai a lokacin ya tuna ya iya rubutu. Jirgi na gaba ya zo a makare, ta bar Warrick a ƙasa yana jiran mai gyara.

Da ta shiga ɗakin Trevor babu gadon, sai silifas ɗinsa a gefe. Wata nas mai fara'a ta karɓi wayarta ta rubuta mata: "Kada ki damu, an shiga da shi. Ya ɗan ba mu wahala, ya ƙi barin hannunsa wuri ɗaya, sai da muka riƙe shi kafin allurar barci ta kama."

Noeline ta tambaye ta da hannu da ido: me yake yi da hannun?

Nas ɗin ta ɗaga yatsu biyu ta ɗan bubbuga kumatunta na dama, ta sake, ta sake. Sannan ta rubuta: "Haka ya yi ta yi. Mun duba, haƙorinsa lafiya lau."

Ba haƙori ba ne. Sunan Noeline ke nan a maganar hannu, wanda shi da kansa ya raɗa mata tun suna makarantar kurame, saboda ɗan ramin da ke kumatunta in ta yi dariya. Kiranta yake ta yi, suka danne masa hannu.