Salansar da Evaristo Ya Zaɓa

Tun da Evaristo Ocampo ya ajiye tuƙin bas a birnin Pereira, babu abin da ya shiga ransa kamar babur ɗin nan. Ƙato ne, baƙi, mai zama ƙasa-ƙasa, irin wanda mutum ke hawa kamar ya kishingiɗa a kujerar falo, ƙafafu a miƙe gaba. Na hannu ya saya, a wurin wani likitan haƙori da matarsa ta hana shi hawa. Yakan wanke shi fiye da yadda yake wanke kansa, in ji Nubia, matarsa.

Da damina ta yi nisa sai tsatsa ta cinye salansar daga ƙasa, ta huje. Ya kai wa Gildardo, bakaniken da suka saba tun zamanin bas. Gildardo ya tsuguna, ya soka yatsa cikin hujin, ya girgiza kai.

"Wannan ta wuce walda, mutumina. Sai dai sabuwa."

Ya shiga ciki ya fito da abin da yake da shi, ya jera a kan tebur. Akwai mai kama da ta asali, nauyi kamar jaki, shiru kamar coci. Akwai wadda bututu biyu ke haɗuwa su zama ɗaya, da wani ƙarfe mai ramuka a cikinta wanda ke rage ƙara, Gildardo kan ce masa maƙogwaro. Sai kuma wasu gajerun bututu biyu, miƙaƙƙu, masu ƙyalli, waɗanda babu komai a cikinsu, in ka leƙa ta nan za ka hango haske ta can.

"Ni da ni ne, mai maƙogwaron nan zan ɗauka," in ji Gildardo. "Muryarta kauri gare ta, ba ta da tsiwa. Bari in ɗaura ka ji."

Ya ɗaura, ya tayar da injin, ya murɗa totur. Evaristo ya matso, ya karkata kai, ya saurara. Sai ya yamutsa fuska.

"Wannan ai numfashi take yi. Sa mini waɗancan."

"Waɗancan? Haba, Don Evaristo, na yara ne masu neman a kalle su. 'Yan sandan hanya za su tare ka, sai na sake saita kafireta, kuma bututun za su gasa maka ƙafa. Maƙwabtanka fa?"

"Na'am?"

"Na ce maƙwabtanka!"

"Suna lafiya. Ka sa kawai."

Gildardo ya dube shi, ya buɗe baki, ya fasa. Ya ɗauki sifana. Da aka tayar da babur ɗin sai kwanon rufin garejin ya ɗauki rawa, mai sayar da mangwaro a tsallaken titi ta toshe kunnuwa. Evaristo kuwa ya yi murmushi. Rabonsa da jin injin ɗinsa sarai haka ya daɗe.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, watanni ke nan duniya tana ja da baya daga gare shi. Da farko rediyo ne ya zama kamar an lulluɓe shi da bargo. Sai maganar mutane, yana ganin leɓe na motsi, kalmomin kuwa rabi ke isowa. Ya koyi gyaɗa kai, ya koyi yin dariya in ya ga ana yi. A kan babur abin ya fi ba shi tsoro, domin shi da kunne yake canja giya tun yana saurayi, yanzu kuwa sai ya ji karkarwa a cinyarsa kafin ya gane injin na kuka.

Ya san ƙarshen abin, ko kuwa yana ganin ya sani. Mahaifinsa a irin shekarun nan ya kurmance. Evaristo bai manta da shi ba, zaune a ƙarshen teburin abinci, yana bin bakunan 'ya'yansa da ido, yana murmushi ga hirar da ba ya ji, har aka daina damuwa da a juyo wajensa.

Da ya shigo unguwa da sabuwar salansa, karnuka suka haukace. Motoci biyu da ke ajiye suka fara kuwwa da kansu. Doña Ofelia ta gidan da ke kallon nasu ta fito da jikarta a kafaɗa, jaririyar na tsala ihu. Evaristo ya ɗaga mata hannu cikin fara'a, ya kashe babur, ya cire hular kwano.

Nubia na tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, bakinta na tafiya da sauri. Ya tsinci "babur", ya tsinci "gida". Ya yi abin da ya saba.

"E, haka ne. Yadda kika ce."

Ta tsaya cak. Ta matso har ya ji ƙamshin albasa a hannunta, ta ɗaga murya.

"Tsoho, me na ce?"

"Kin ce... a shigar da babur gida."

"Cewa na yi, ko wannan abin ya bar gidan nan ko ni in koma wurin ƙanwata. Kai kuma ka ce yadda na ce."

Ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, dariyar ta ƙi fitowa. Nubia ta rufe bakinta da tafin hannu ta yi wata magana, idonta a kansa. Bai ji komai ba. Ta sauke hannun a hankali. Faɗan ya bar fuskarta gaba ɗaya.

Suka shiga ciki. Ta zuba masa baƙin kofi, ta zauna daf da shi, gwiwa da gwiwa.

"Tun yaushe?"

"An jima."

"Shi ne ka ƙyale ni ina ta cewa ka raina ni, ba ka amsa mini magana?"

"Gara ki ce raini ne," ya ce, yana kallon kofin. "Irin na Baba ne, Nubia. Ni na sani."

"Kai likita ne? Direban bas ne kai, shi ma ka ajiye. Gobe da safe asibiti." Ta miƙa hannu. "Makulli."

Ya ba ta.

Likitar mace ce mai gajeren gashi da saurin hannu. Ta haska kunnensa na dama, ta haska na hagu, ta koma na dama. Evaristo ya ƙanƙame hannun kujera yana jiran hukunci. Sai ya ga kafaɗunta na rawa. Dariya take yi.

"Don Evaristo, da me kake sosa kunne?" ta tambaya da ƙarfi.

"Ashana. Wani lokaci makulli."

"Auduga fa?"

"Ina cusawa in zan hau babur, saboda iska."

"To ga ta nan, wani ɓangarenta bai taɓa fitowa ba. Ka tura dauɗa ciki, ka danne da auduga, ka sake dannawa. Kunnuwan nan a toshe suke kamar an yi musu siminti."

Ta ba shi maganin ɗigawa, ta ce ya dawo in dauɗar ta yi laushi. Kwanakin nan Evaristo bai yarda ya sa rai ba. Yakan kwanta a gefe ɗaya Nubia ta ɗiga masa, yana cewa a ransa likitar yarinya ce, bayan dauɗar akwai ainihin ciwon yana jira.

Ranar da suka koma, ta riƙa tura ruwan ɗumi da sirinji, shi yana riƙe da ƙaramin kwano a ƙarƙashin kunne. Can sai ya ji wani abu ya ɓalle, fus! Ƙara ta faɗo masa kamar an buɗe taga. Fanka na juyawa a sama, tana 'yar ƙara. Takalmin wani na tafiya a baranda. Awarwaron Nubia na taɓa juna. Har numfashin likitar yana ji.

Ta wanke ɗayan, ta gwada shi da na'ura, ta ce na hagu ya ɗan ja baya kaɗan, abin shekaru ne, ba abin damuwa ba. Ya dai guji ƙara mai yawa, ya kuma bar ashana ta yi aikinta a kicin.

"Ke nan ba zan kurmance ba?"

"Ban ga alama ba," ta ce, ƙasa-ƙasa da gangan.

Ya ji ta sarai. Ya sunkuyar da kai, ya goge ido da bayan hannu, ya ce ruwan sirinjin ne ya fantsamo. Nubia ba ta ƙaryata shi ba.

A gida ta mayar masa da makulli. Ya fito da babur ƙofar gida, ya danna maɓallin tayarwa. Tsawar da ta tashi sai da ta sa ya yi tsalle baya, ya laluba ya kashe da sauri.

"Ubangijina! Da wannan na shigo unguwa?"

"Da shi, har kana ɗaga wa mutane hannu," in ji Nubia.

Ya tsallaka ya ƙwanƙwasa ƙofar Doña Ofelia ya ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, amma jikarta ba ta yafe ba tukuna. Daga nan ya tura babur ɗin da hannu har gangaren ƙarshen layi, kafin ya yarda ya tayar, ya nufi garejin Gildardo.

Gildardo ya ji labarin yana riƙe ciki don dariya.

"Ni fa na ga alama! Na ce ko dai tsufa ne ya zo maka da ƙuruciya, ko kunne ne. Na rasa wanda zan faɗa ba ka ji haushi ba."

"Da ka faɗa ma ba zan ji ba."

Wannan karon bai yi gaggawa ba. Ya sa aka ɗaura mai kama da ta asali, ya saurara, ya ce ta cika ladabi, kamar babur na jin kunya. Aka ɗaura mai maƙogwaro. Ya tsuguna kusa da ita, ya rufe ido. Murya ce mai kauri, tana fita dum-dum-dum a natse, kuma ta ƙarƙashinta yana jin injin kansa yana aiki. Ya murɗa totur kaɗan, ya saki, ya sake murɗawa.

"Wannan ce," ya ce. "Kada ka taɓa maƙogwaron."

Ranar Asabar ya ɗauki Nubia zuwa garin La Virginia, gidan ƙanwarta, da tukunyar miyar kaza ɗaure a baya. Suna cikin gangara tsakanin gonakin rake sai ya ji wani abu, kas-kas-kas, daga bayan babur. Ya rage gudu, ƙarar ta ragu. Ya ƙara, ta dawo. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya duba ƙusoshin salansar ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa sarƙa, ya leƙa taya. Komai lafiya.

Nubia ta kwance ƙullin, ta ɗaga murfin tukunyar, ta zaro ludayi.

"Ga abin da ke maka ƙarar. Mantawa na yi da shi a ciki."

"Har ƙarar ludayi na ji, ta cikin hular kwano, ana gudu," ya ce. Ya karɓa yana juya shi a hannu, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"To sai ka tsaya kana yaba kanka miya ta huce. Hau mu tafi."

Ta soka ludayin a jakarta, ta riƙe ƙugunsa, suka hau titi.